Layi Ɗaya

Tun da safe aka rufe ƙofar garejin kamfani, aka ce ba direban da zai taɓa sitiyari sai an gwada fitsarinsa. Mai gwajin, wata mata da ba ta san dariya ba, ta raba musu 'yan kofunan roba, kowanne da lambar mai shi a murfi. Ta ce tsinken gwaji za ta tsoma: layi biyu ka tsira, layi ɗaya ka ajiye makulli.

Duk idanu suka koma kan Dogo. Kowa ya san tarihinsa da ƙwaya. Ya rantse wata huɗu rabonsa da ita, amma wa zai yarda? Shi kansa ya tsorata, don an ce masa abar tana daɗewa a jiki. Ga matarsa da tsohon ciki, ga aikin da ƙyar ya samu.

Yayansa, shugaban direbobin, ya fi kowa zafi. Sai kai-kawo yake yana sharce gumi, yana tsine wa 'yan ƙwaya masu kashe bayin Allah a titi. Ya ce ko ciki ɗaya suka fito da mutum, in an kama shi da hannunsa zai kore shi.

Dogo ne ƙarshen fitowa daga banɗaki. Ya daɗe gaban tiren da ake jera kofunan, har matar ta daka masa tsawa.

Ta fara da na Yaya. Layi biyu. Yaya ya tsaya kallon tsinken baki buɗe, kafin ya sauke doguwar ajiyar zuciya. Da aka zo kan na Dogo, layi ɗaya ya fito ɓaro-ɓaro.

Marin da Yaya ya zabga masa har bakin ƙofa an ji. "Ɗan iska, ka zubar mana da mutunci! Ba ni makullin."

Matar ta ce in Dogo yana da ja, a sake gwada shi da yawu yanzun nan. Dogo ya dubi Yaya, mutumin da ya rene shi, ya koya masa tuƙi, mai 'ya'ya bakwai a gida. Ya ce ba shi da ja, ya miƙa makullin.

Dogo na tsaye dafe da kunci Yaya ya tada bas ɗinsa, ya fita ɗaukar fasinja. Ɗazu a gaban tiren nan, don tsoro, Dogo ya musanya murfin kofinsa da na mutum ɗaya tak da ya tabbata bai taɓa shan komai ba, wato Yaya.