Tsarabar Dubai

Kullum da safe, kafin ta ɗora ruwan koko, sai Hajiya Khadija ta goge tangaran ɗinta. Ruwan ƙasa ne mai sheƙi, hawa bakwai kamar an jera faranti kan faranti, ga nauyi. Mijinta Alhaji Ladan ne ya kawo mata tsaraba da ya dawo daga Dubai, a naɗe cikin buhun taki, wai don kada ya fashe.

Ta zuba masa ruwa, ya zube ta ƙasa. Alhaji ya ce ai kayan masu kuɗi ba a amfani da su, kallo ake yi. Sai ta cusa masa furen roba ta ɗora a saman kabad, matan Ƙafin Maiyaki suka yi ta zuwa gani.

Wadda ta fi shan gori ita ce maƙwabciyarta Hamdiyya, matar Ɗayyabu mai gyaran wuta. Hajiya takan ce, "Matar mai hawa turke ina za ta san tangaran? Ke dai riƙe kwanon silbarki." Shi kuwa Ɗayyabu, iyakarsa zaure, don kada ya ɓata mata kafet.

Abu ɗaya ne ya hana Hajiya sakat. Kwana arba'in ke nan babu wuta, tun da ɓarayi suka kwance wani abu a jikin taransifomar unguwa. Firjinta uku sun zama ma'ajiyar albasa, sana'ar ƙanƙara ta mutu murus. Haushi ya kai ta har gaban mai unguwa, ta kawo shawara da bakinta: duk wanda aka samu da kayan, a ɗora masa a ka, ya zaga kasuwa sau uku ana yi masa kiɗa. Kowa ya amince, aka shafa fatiha.

Ranar sunan jikarta gida ya cika, har da mai unguwa. Aka ɗauko janareta, dole aka kira Ɗayyabu ya ja waya zuwa falo. Ɗayyabu yana cire takalmi, Alhaji Ladan ya tuna yana da uzuri a Kiru, ya fice ko hula babu.

Ɗayyabu ya ɗaga kai ya ga saman kabad, sai ya ƙame da waya a hannu. Daɗi ya kama Hajiya kamar ta taka rawa. Ta sauko da tangaran ɗin ta rungume, ta ɗaga murya don kowa ya ji.

"Kalla da kyau, bawan Allah. Nawa ne, ni kaɗai. Ka taɓa ganin irinsa?"

Ɗayyabu ya dubi mai unguwa, ya sosa ƙeya.

"Na gani, Hajiya. Ni na ɗaura shi da hannuna a kan taransifomarmu bara, ga lambar da na rubuta nan a gindinsa."