Agwagin Tsoho Luo

Tsoho Luo ya tsaya a bakin gonar shinkafarsa, wadda ke can ƙasan sauran gonakin da suka gangaro daga dutse, yana hararar agwagi. Sun sake ƙaruwa.

Bara masu shirin yaƙi da talauci suka raba wa kowane gida 'yan agwagi da jan zobe a ƙafa, su ci ƙwari, kashinsu ya zama taki. Sai dai duk wanda agwaginsa suka yi albarka, za a cire shi daga sahun matalauta, kuma wannan sahun ne ke ba matarsa Meizhen maganin asma kyauta.

Luo bai taɓa jin tsoron arziki irin na bana ba. Ya yanka, sun ci har Meizhen ta ce ko ƙanshin ba ta son ji. Ya bi bakin ruwa da sanda don ya fasa ƙwai, bai taɓa samun ko ɗaya ba. Amma kullum gari ya waye, sai ga sababbi marasa zobe suna wanka hankali kwance.

"Kai, Yaya Luo, hannunka akwai albarka!" in ji maƙwabcinsa Wei daga gonar sama, inda 'yan agwagi kaɗan ke yawo. "Mu namu ko ƙaruwa ba sa yi."

"Zo ka kwashi rabi, don girman kakanninka."

"Ni? In ci gumin dattijo? Haba!"

Ranar da jami'ar shirin, Tan, ta zo dubawa, ko shinkafar ba a gani don fuka-fukai. Nan take ta ɗaura masa jan ƙyalle a ƙirji, ta ce shi ne gwarzon da ya fara tsere wa talauci. Duk ƙauyen aka yi ta tafi, Wei har da hawaye. Meizhen na gefe tana tari, Luo kuwa ji yake kamar ya nutse cikin taɓo don baƙin ciki.

Likitan dabbobin da ya rako jami'ar ya kamo masu jan zoben, wai zai gano sirrin irin. Ya juya wannan, ya juya wancan, ya ɗago ya dubi masu tafin ɗaya bayan ɗaya.

"Baffa," ya ce a hankali, "ai waɗanda muka ba ka duk maza ne. To sauran daga gonakin wa suka gangaro?"