Gidan da Aka Gina a Kan Kududdufi

Bari in ba ka misalin wani magini da ya zauna a wani ƙauye a bayan birni. Shi da mahaifinsa suka haƙa kududdufin ƙauyen, suna ɗibar ƙasa suna yin tubali, har ramin ya kai tsayin mutum uku. A bakinsa akwai wata tsamiya mai reshe biyu, nan yake jingina idan ya gaji. Ana nan sai birni ya fara miƙo ƙafa. Aka ja kwalta, aka kafa makaranta, gonakin gero suka koma filaye, sunan ƙauyen ma aka canza shi. Mutane suka daina ginin ƙasa, sai maginin nan ya ajiye magirbi ya zama dillalin filaye. Da ido ya buɗe, ya sa aka riƙa zuba shara a kududdufin har ya cika, ya bi sama da jar ƙasa ya daddaɓe. Wani baƙo ya zo neman fili, ya tambaye shi ko ruwa na kwanciya a wurin. Mutumin naka ko ƙifta ido bai yi ba, ya ce tudu ne tun kaka da kakanni. Baƙo ya sayi wurin ya yi gini, ya sayar, wanda ya saya shi ma ya sayar. Gari ya ci gaba da cika har dillalin da kansa yakan ɓata a lungunan da ya yanka.

Bayan shekara goma sha biyar ya aurar da autarsa, ango ya kama haya a cikin sabbin unguwannin. Ka san uba ba ya rakiyar amarya, kuma kunya ba ta barinsa zuwa gidan suruki, don haka mata suka kai ta, suka dawo suna yaba gida, shi ko ƙofar bai gani ba. Da marka ta kankama aka wuni ana ruwa, da la'asar sai ga ƙanin ango a guje, ya ce gidan ya nutse da amarya a ciki. Tsohon ya bi shi ba takalmi, lungu bayan lungu, yana salati. Suna shan kwanar ƙarshe ya ɗaga kai, sai ga tsamiya mai reshe biyu. Nan ya gane kududdufin da ya cike ne, tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Bangon ɗakin ya rufta cikin baƙin ruwa, tsofaffin ledoji da takalman da shi ya sa aka binne suna yawo a sama.

An zaro yarinyar da rai, amma ƙafarta ta dama ta karye wuri biyu. Da ta ga mahaifinta sai ta riƙe hannunsa tana kuka, ta ce, "Baba, wanda duk ya sayar da wurin nan, Allah ya isa tsakanina da shi." Jama'a suka amsa da amin, suka juyo suna jiran tasa. Shi ya sa Hausawa ke cewa alhaki kwikwiyo ne, mai shi yake bi.