Murjani a Gindin Randa

Tun da teku ta yi zafi har murjani ya mutu a cikinta, aka ba kowane gida a Gusau reshe mai rai ya yi renonsa.

Lantana ta wanke tsohon akwatin gilashin kifi, ta liƙe tsagarsa, ta zuba ruwan gishiri, ta saka reshenta. Sai ta binne gindin akwatin cikin jiƙaƙƙen yashi kusa da randa.

"Yaya, ba na'urar sanyi?" in ji ƙanwarta Asabe.

"Na'urar me? Yashin da ya sanyaya wa kakarmu ruwa ba zai gaza ba."

Da hantsi reshen ya buɗe, jawur.

"To yaushe za a mayar da shi teku?"

Lantana ta ɗora murfi. "Rage murya, Asabe. Shi a ganinsa yana can."