Ganyen Gonar Baba

Ina ƙarama a Mambila, na tambayi Baba me ya sa ba ya share ganyen manyan bishiyoyin da ke yi wa gahawarsa inuwa. Ya kama hannuna ya cusa ƙarƙashin ruɓaɓɓen ganyen. Ƙasar baƙa ƙirin, ga sanyi, ga ƙamshi kamar an yi ruwan fari.

Ya ce, "Shinshina, uwata. In na share wannan, me gahawar za ta ci?"

Jiya a unguwarmu ta Aston, nan ƙasar Turawa, inda hukumar gari ta daina share mana titi, ɗiyata ta ɗebo jiƙaƙƙen ganye tana shinshinawa. "Mami, ji ƙamshi!" Na buge hannunta, na ce ƙazanta ce, za ta kwaso ciwo.

Yau da muka biyo wajen, ni na sunkuya na ɗebo na miƙa mata. Ta ɓoye hannayenta a baya.