Baƙin Mai a Tafkin Mai Lambu

Tunda ka ce abin da ka yi bai taka kara ya karya ba, bari in ba ka misalin wani mai lambu. Dattijo ne, matarsa ta rasu, 'ya'yansa duk sun tafi birni, shi kaɗai yake zaune a bukka a bakin wani tafki, yana noman albasa da injin ban ruwa. Abokan hirarsa su ne masu zuwa tafkin, mata masu ɗiban ruwa da hantsi, Fulani masu shayar da shanu da la'asar. A gaisa, a tambayi albasa, a yi masa tsiya cewa injinsa ma ya fi shi tari. Ran nan ya canza wa injin mai, baƙin man ya ragu a gindin gwangwani, bai kai cikin ludayi ba. Ƙyuya ta hana shi tona rami. Ya watsa shi a lungun tafkin da ke ɓangarensa, yana cewa a ransa ai nan wurinsa ne, kuma me wannan ɗan abu zai yi wa ruwa mai yawa haka.

Mai kuwa ba ya nutsewa, kuma bai san iyakar gonar kowa ba. Ya kwanta a saman ruwan yana buɗewa, iska na tura shi, har ya kai mashayar shanu a ƙetare, yana ƙyalli kamar wuyan tattabara. Shanu suka sunsuna suka ɗaga kai. Mata suka cika tulu, suka ga maiƙo, suka zubar. Babu wanda ya zage shi, wannan ma ya fi yi masa ciwo, kowa dai ya koma wani rafi mai nisa. Ya shiga ruwan da ƙwarya, duk inda ya kwasa sai man ya rabe ya sake haɗewa a bayansa. La'asar ta riƙa yi masa a ƙofar bukka, yana jiran kukan saniya ko sallamar mutum, ba ya jin komai sai kwaɗi, daga baya su ma suka yi shiru. Kaɗaici ya ishe shi har yakan tada injin ba don ban ruwa ba, don dai ya ji motsi. Wata rana wani makiyayi ya ratsa ta can nesa da shanunsa, ya ɗaga masa sanda ya ce, "Sannu Baba, sai ruwa ya gyaru." Bai tsaya ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.