Filin da Jirgi Ba Ya Sauka

"Kwanta!" Bakhita ta daka tsawa, ta fizgo 'yarta Sulafa ta danne ta cikin ciyawa.

Jirgi marar matuƙi ne ke shawagi a kansu, yana ƙugi kamar taron zuma. Irin ƙugin da ya raba su da garinsu Omdurman a lokacin yaƙi ke nan. Ta runtse ido tana salati.

Shekara biyu ke nan tana ce wa yarinyar Baba yana hanya, a jirgi zai zo. Sulafa, 'yar shekara bakwai, ta kafe sai an kai ta filin jirgi. Shi ya sa Bakhita ta zaɓi tsohon filin jirgin Imbaba na birnin da suke gudun hijira, wanda aka mai da lambu, inda jirgi ba ya sauka.

Wasu dattawa biyu na musu a kan benci, ɗaya na son a gina gidaje a sauran filin, ɗaya na cewa a bar wa yara. Suka taso da sauri.

"Ma'alish, yi haƙuri, ya madam," in ji ɗayansu. "Na masu awon fili ne, hoto kawai yake ɗauka."

Bakhita ta ji, amma hannuwanta sun ƙi sakin yarinyar.

Sulafa ta zaro hannu daga ƙarƙashinta, ta shafa mata kumatu.

"Tashi, Yumma, khalas, ya wuce, kar ki ji tsoro. Wanda ya kashe Baba ba haka yake ƙara ba. Ina bakin taga ranar."